Gyaran Madigadi Don Hana Taya Guga a Motar da Aka Rage wa Tsawo

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana dalilin da kan sa tayar mota ta riƙa gugar madigadi idan an rage wa motar tsawo, da kuma hanyoyin da kanikawa da masu gyaran bodi kan bi don magance wannan matsala. Madigadi dai shi ne ƙarfen jikin mota da ya yi wa taya rumfa, domin tare taɓo da tsakuwar da take watsawa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, gugar nan magana ce ta 'yan milimitoci, don haka aunawa ita ce gaba da guduma.

Asalin Al'adar

Al'adar rage wa mota tsawo don ado ta yi ƙarfi ne a birnin Los Anjalas na jihar Kalifoniya ta Amurka, tsakanin matasa 'yan asalin Meziko, a shekarun 1940 da 1950. Da farko buhunan yashi suke jibgawa a but, daga bisani suka shiga yanke sifirin. A shekarar 1958 jihar ta kafa doka wadda ta hana tuƙa motar da aka yi wa gyara har wani sashe na jikinta ya sauko ƙasa da gindin wili. Wannan ne ya sa a 1959 wani mai suna Ron Aguirre ya sanya wa motarsa famfon mai irin na jirgin sama, wanda kan ɗaga mota ya kuma sauke ta a duk lokacin da direba ya ga dama. An soke wannan hani tun daga ranar 1 ga Janairu, 2024. A yau al'adar ta bazu zuwa ƙasashe irin su Japan da Jamus, kuma akasari ana yin aikin ne da gajeren sifirin da shakazoba da aka ƙera musamman don haka.

Dalilin Gugar

Lokacin da kamfani ya ƙera mota, yakan bar fili tsakanin taya da madigadi, saboda taya ba a tsaye take wuri guda ba. Takan haura sama idan an faɗa rami ko an taka tudu, tayoyin gaba kuma sukan juya dama da hagu tare da sitiyari. Idan aka rage wa mota tsawo da milimita 40, to an cinye milimita 40 ke nan daga wannan fili.

Bugu da ƙari, masu wannan ado ba safai sukan tsaya a nan ba. Sukan canza wili da taya. Alal misali, a ɗauki tayar da aka rubuta wa 205/55 R16. Lambar farko tana nufin faɗin taya milimita 205 ne, ta biyu kuwa tana nuna tsawon gefen taya kashi 55 cikin ɗari ne na faɗin, sannan 16 girman wili ne a ma'aunin inci. Tsawon wannan taya daga ƙasa zuwa sama ya kai kimanin milimita 632. Idan aka musanya ta da 225/45 R17, tsawon zai zama kamar milimita 634, wato kusan ɗaya ne, amma faɗi ya ƙaru da milimita 20, goma ta ciki, goma ta waje. Haka kuma kowane wili yana da wata lamba da akan rubuta da haruffan ET, wadda ke nuna tazarar da ke tsakanin tsakiyar wili da fuskar da ake ɗaure shi. Wili mai ET35 ya fi mai ET45 fitowa waje da milimita 10. Idan aka haɗa waɗannan canje-canje biyu, kafaɗar taya ta matso waje da milimita 20, alhali kuwa a bakin madigadi akwai wani leɓe na ƙarfe, mai faɗin santimita ɗaya zuwa biyu, wanda aka lanƙwasa ciki don ƙara wa madigadin ƙwari. Wannan leɓe shi ne yawanci kan kankari taya.

Haɗarin da ke cikin wannan ya wuce ƙarar da ke damun kunne. Gefen taya ya fi kowane sashe nata rashin kauri, kuma falkanaiza na kirki ba ya yarda ya yi faci a wurin. Idan ƙarfe ya dinga yankarsa har ya kai ga zaren ciki, taya tana iya fashewa ana tsakiyar gudu.

Gano Inda Ake Gugar

Matakin farko shi ne a san ainihin wurin da taya take taɓawa. Akan shafa alli a leɓen madigadi da cikinsa, a ɗan zaga da motar a bi ta kan tudu, a kuma juya sitiyari har ƙarshe ta kowane gefe, sannan a duba inda allin ya goge. Sau da yawa sai a tarar robar da aka shimfiɗa cikin madigadi ce kawai ake guga, ko wani ɗan noti da ya turo kai. Irin wannan sai a ɗan datse robar, ko a ɗumama ta a tura ta baya. In kuwa ta ciki taya ke gugar shakazoba, to duk abin da aka yi wa madigadi aikin banza ne, wili ya kamata a canza. Wani lokaci ma ɗaga motar da milimita 10, ko komawa ga taya maras faɗi, ya wadatar.

Naɗe Leɓe

Idan ya tabbata leɓen ne ke ɓarna, sai a naɗe shi sama ya kwanta a jikin madigadi ta ciki. Akwai na'urar da aka yi don wannan aiki. Akan ɗaga mota da jak, a cire wili, a ɗaure na'urar a mazauninsa da notunan wilin. Tana da hannu mai ɗauke da ɗan gargare na roba mai tauri, wanda akan saita a jikin leɓen. Kafin a soma, wajibi ne a wanke cikin leɓen sarai, domin ƙwayar yashi guda tana iya fito da ƙulu a waje. Daga nan sai a ɗumama fenti da na'urar hura iska mai zafi, har ya kai zafin da hannu zai iya taɓawa amma ba zai iya daɗewa a kai ba, saboda fenti mai sanyi tsagewa yake yi. Sannan a riƙa kai gargaren gaba da baya, ana ƙara matsi kaɗan-kaɗan, har leɓen ya kwanta. A da, wasu a Amurka sandar wasan besbol suke cusawa tsakanin taya da madigadi, a gangara mota a hankali, sai dai wannan dabara takan bar bakin madigadi a karkace.

Ya kamata a lura cewa madigadin roba ba ya naɗuwa, na alminiyam kuma yana saurin tsagewa. Haka nan wurin da aka taɓa cike wa fila bayan haɗari, da an matsa sai filar ta ɓare. Bayan an gama, a shafe duk inda fenti ya tsage da maganin tsatsa, domin leɓen da aka naɗe yakan riƙe ruwa da taɓo.

Ja da Yanka

In naɗewa ba ta isa ba, akan ci gaba da matsa na'urar har bakin madigadin ya buɗe waje da 'yan milimitoci. Mataki na ƙarshe shi ne a yanke bakin gaba ɗaya, a ɗaura wani faffaɗan baki a kai. A nan ne ake bukatar hattara ƙwarai. Madigadin gaba da noti aka ɗaure shi, ana iya sayen wani. Na baya kuwa haɗe yake da gangar jikin mota, kuma ƙarfe biyu ne aka haɗe, na ciki da na waje. Wanda ya yanke shi dole ya kai wa mai walda ya sake haɗe su, ya toshe kafa, in ba haka ba ruwa ya shiga, tsatsa ta ci motar. Hukuma ma tana da ta cewa: a ƙa'idar Tarayyar Turai, dole madigadi ya rufe faɗin taya daga digiri 30 gaban tsakiyar wili zuwa digiri 50 bayansa.

Kammalawa

A tashoshin motocinmu ma akan ji irin wannan ƙara, sai dai a nan nauyin kaya da fasinja ne kan danne bayan mota. Maganin wannan shi ne rage lodi da sauya sifirin da ya gaji. Bugun madigadi da guduma gyaran gangar Auzinawa ne kawai. Ga wanda ya rage wa motarsa tsawo da gangan kuwa, tsarin da aka bayyana shi ne: a fara da alli da ma'auni, a gwada canjin taya ko wili, sannan a naɗe leɓe, yanka ya zamo na ƙarshe. Ƙarfen da aka yanke ba ya komawa yadda kamfani ya yi shi, kuma masu iya magana sun ce garin neman gira akan rasa ido.