Hoton bayan shafi: laifin ba na wayar mai saye ba ne

Hoton da ake shimfiɗawa a bayan shafin intanet ba ya cikin rubutun shafin. Wani fayil daban mai suna CSS ne ke ba da umarninsa, tsarin da Håkon Wium Lie ya gabatar a 1994, hukumar W3C ta amince da shi a 1996. Kowace burauza, Chrome ce ko Safari ko Opera Mini, ita ke karanta umarnin ta zana hoton.

A Zangon Lome, in hoton shafin ɗan kasuwa ya ƙi fitowa ko ya fito a guntule, sai wanda ya gina shafin ya ce ai wayar mai dubawa ce ba ta da kyau. Wannan kame-kame ne. Ya gwada aikinsa ne a faffaɗan allon kwamfuta kaɗai, alhali masu neman atamfa daga Agoè har kasuwar Asigame da waya suke dubawa, allonta kuwa a tsaye yake. Umarnin background-size: cover yana cike allo ne ta hanyar datse gefen hoto, saboda haka farashi da lambar wayar da aka rubuta a jikin hoton su ke fara ɓacewa. Abin takaici, Google ba ya sa hoton baya cikin bincikensa na hotuna, manhajar da ke karanta wa makafi shafi ba ta ganinsa, burauza ma ba ta buga shi a takarda sai an umarce ta. To, wane irin ganganci ne a ɓoye adireshin shago a can?

Tsufan burauza kan jawo matsala jefi-jefi, amma yawanci sakaci ne. Duk bayani mai muhimmanci a rubuta shi cikin shafin kansa. A sa launi da background-color, don rubutu ya karantu ko da hoton bai sauka ba. A tsayar da hoton a tsakiya da background-position: center, a hana shi maimaituwa da no-repeat. A guji background-attachment: fixed, domin Safari na iPhone ba ya bin sa yadda ya kamata. A rage nauyin hoton, tunda da sefa ake sayen data a kamfanonin Yas da Moov. Hoto nau'in WebP ba shi da nauyi, sai dai Safari bai karɓe shi ba sai 2020, don haka a ajiye JPEG a madadinsa. A lura kuma, hanyar hoton daga mazaunin fayil ɗin CSS ake lissafa ta.

Kada ɗan kasuwa ya cika kuɗin aiki sai ya buɗe shafin a wayoyi daban-daban da idonsa.