Yadda likitocin gyaran fuska ke gwada tiyata a kan ƙashin roba kafin su taɓa majiyyaci

Idan ciwon daji ko hatsarin mota ya cinye wa mutum muƙamuƙi, likitocin fiɗa sukan nemo madadinsa a ƙafarsa. Akwai wani siririn ƙashi a gefen ƙwauri wanda ba shi ne ke ɗaukar nauyin jiki ba, ana iya ciro kusan santimita 25 daga cikinsa mutum ya ci gaba da tafiya. Wani likita a birnin New York na Amurka, David Hidalgo, shi ne ya bayyana wannan dabara ta gina muƙamuƙi a 1989, kuma har yau da ita ake aiki.

Matsalar ita ce ƙashin ƙafa miƙaƙƙe ne, muƙamuƙi kuwa lanƙwasasshe. Dole likita ya yayyanka shi gida biyu ko uku, ya jera guntayen su yi siffar haɓa, ya ɗaure su da farantin ƙarfen titaniyom, sannan ya ɗinke jijiyoyin jininsa da na wuya a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Daga lokacin da aka raba ƙashin da jininsa, kowane minti yana da tsada, domin in ya daɗe babu jini mutuwa yake yi. A da, da ido da ƙwarewar hannu ake wannan awo, majiyyaci na kwance a buɗe. Kuskuren milimita kaɗan ya isa ya sa haƙoran sama da na ƙasa su daina haɗuwa, mutum ya rayu bai iya tauna ba.

A manyan asibitoci yanzu awon yana ƙarewa tun kwanaki kafin ranar aiki. Ana ɗaukar hoton kai da na ƙafa da na'urar sikana, kwamfuta ta haɗa hotunan su zama siffa cikakkiya, likita da injiniya su zauna su yi yankan a kan allo. Daga nan sai wata na'urar bugawa ta gina ƙashin da roba, shimfiɗa kan shimfiɗa, daidai girman na mai shi. Kamar tela ne da ke fara yanka takarda kafin ya sa almakashi a shadda mai tsada. A kan wannan samfuri ake lanƙwasa farantin ƙarfen a natse. Ana kuma buga wasu ƴan ma'aunai masu tsaga da ake ɗorawa a kan ƙashin gaske, zarto ya bi tsagar kawai. Wani amfanin da ba a cika ambato ba shi ne na dangi: uban da bai gane komai ba a hoton sikana yana iya riƙe ƙoƙon kan ɗansa na roba a hannu, a nuna masa inda za a yanka kafin ya amince.

Tabarau mai ɗora hoto a kan abin da ido ke gani ya zo ne daga baya. A 2018 wata tawaga ta Imperial College da ke London, ƙarƙashin Dakta Philip Pratt, ta wallafa gwajin da ta yi a asibitin St Mary's da tabarau na HoloLens, ƙirar kamfanin Microsoft. Majiyyatan mutane ne da suka ji munanan raunuka a ƙafa, ana buƙatar ciro fata da tsoka daga wani wuri a rufe ramin. Nasarar irin wannan aiki tana rataye ne a kan gano ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da fatar, waɗanda aka saba laluben su da na'urar sauraren gudun jini. Da tabarau ɗin, likita yana kallon ƙafar yana ganin hoton ƙashi da jijiyoyi a kanta, sai ya yi alama da alƙalami.

Labarin da ya fi yawo shi ne na 2022, lokacin da aka raba wasu tagwaye ƴan ƙasar Barazil da aka haifa kawunansu a haɗe. Likita Noor ul Owase Jeelani na asibitin Great Ormond Street a London da takwarorinsa a Rio de Janeiro sun shafe watanni suna atisaye a ɗakin tiyata na kwamfuta, kowa sanye da tabarau a ƙasarsa. Tiyata bakwai aka yi wa yaran, ta ƙarshe ta wuce awa 27.

Sai dai tabarau bai kai samfurin roba zama da gindinsa ba. A gwajin London da hannu ake daidaita hoton a kan ƙafar, kuma tsoka ba ƙashi ba ce: yadda take kwance a cikin sikana dabam, yadda take a kan gadon fiɗa dabam. An riƙa sayar da HoloLens 2 a kan dala 3,500, wajen miliyan biyu na sefa, kuma a 2024 Microsoft ta dakatar da ƙera shi. Na'urar bugawa kuwa tuni ta fita daga asibitocin masu hali. Tun 2017 ƙungiyar likitoci ta MSF ke amfani da ita a asibitinta na Amman, a ƙasar Jodan, wajen yin hannayen roba, daga baya har da abin rufe fuska da ke danne tabon ƙuna.

A ƙasar Hausa, masu buƙatar gyaran fuska ba baƙi ba ne. Cutar noma, wadda wasu ke kira ciwon iska, tana farawa da gyambon dasashi a bakin yara ƴan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, cikin ƴan kwanaki ta ci kunci da leɓe da ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a watan Disamba na 2023. Ƙungiyar Sentinelles tana da cibiyar kula da waɗannan yara a Damagaram, a Sakkwato kuma akwai asibitin noma tun 1999. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira muƙamuƙinsu ya kulle, kuma babu fuska biyu da cutar ta ci iri ɗaya, abin da ya sa samfurin da aka buga don mutum guda zai yi musu amfani ƙwarai.

Amma samfuri ba ya samuwa sai da hoton sikana mai kyau, da wutar lantarkin da za ta tsaya awanni ana bugawa, da ma'aikacin da ya iya sarrafa hotunan. Noma kuma, idan aka kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita kafin ta kai ga ƙashi.