Lansilet: Kama Ɗaya, Zuriya Daban-daban

A cikin yashin da ke ƙarƙashin ruwan teku mara zurfi, musamman inda ruwan ke da ɗumi, akwai wata ƙaramar halitta da masana ke kira lansilet ko amfiyoksus, wadda tsawonta bai cika wuce santimita 8 ba, jikinta kuma siriri ne mai tsini gaba da baya. Takan binne kanta ta bar baki kawai a waje, tana zuƙar ruwa tana tace abincinta daga ciki. Ba ta da ƙashi ko muƙamuƙi, amma tana da notokod, wato wata sanda mai ɗan tauri mai lanƙwasuwa da ta miƙe daga kai har wutsiya, da igiyar jijiya a samanta, da tsagogi a maƙogwaro. Irin waɗannan siffofi ne ke bayyana a ɗan tayin duk wata dabba mai ƙashin baya, kuma su ne suka jawo mata kulawar masana.

Da farko ma ba a gane ko mece ce ba. Peter Simon Pallas, wanda ya fara bayyana ta a 1774, ya ɗauka wata irin katantanwa ce mara kwanso, daga baya, a 1867, Alexander Kowalevsky ɗan ƙasar Rasha ya ƙara tabbatarwa, ta hanyar nazarin yadda tayinta ke girma, cewa tana da kusanci da masu ƙashin baya. An daɗe ana ɗaukar ta a matsayin mafi kusa da su, amma binciken ƙwayoyin gado a 2006, da karanta ɗaukacin DNA na nau'in Branchiostoma floridae na gaɓar Florida a 2008, sun nuna cewa wasu halittun teku da ake kira tuniket sun fi ta kusanci, ita kuwa reshenta ne ya riga sauran rabuwa, fiye da shekaru miliyan 500 da suka wuce.

Nau'o'inta ba su da yawa, domin waɗanda aka amince da su ba su fi talatin da 'yan kai ba, kuma an kasa su gida uku. Gidan Branchiostoma, wanda ya fi yawa, yana da gaɓoɓin haihuwa jere a ɓangarori biyu na jiki, alhali a gidajen Epigonichthys da Asymmetron a ɓangaren dama kaɗai suke. Wannan kama ta sa wasu masana suka haɗe gidajen biyu na ƙarshe suka mai da su ɗaya, amma da aka gwada DNA sai ta bayyana cewa Asymmetron ne ya fara ware kansa, Epigonichthys kuma ya fi kusa da Branchiostoma. Kama da wane ba wane ba ce.

A nan ne wahalar aikin take, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kai. Shekaru da yawa masana na bambance nau'o'in ta hanyar ƙirga, wato a lissafa sassan tsoka da ke jere a gefen jiki, da ƙananan ɗakunan da ke cikin filafilin baya, da adadin gaɓoɓin haihuwa. Matsalar ita ce alƙaluman wani nau'in sukan shiga cikin na wani, don haka ido kaɗai ba ya raba gardama. A Xiamen ta ƙasar Sin, inda masunta suka daɗe suna kama lansilet don ci, an yi ta kiran duk abin da aka kama Branchiostoma belcheri, har sai da aka gano cewa nau'i biyu ne ke zaune cikin yashi ɗaya, na biyun shi ne Branchiostoma japonicum. Haka kuma Asymmetron lucayanum, da aka fara bayyanawa daga tsibiran Bahamas a 1893 kuma aka ɗauka nau'i ɗaya ne ya bazu a tekunan duniya masu ɗumi, ya kasance ya ƙunshi aƙalla zuriya uku da jiki bai nuna bambancinsu ba. Wani ɗan gidansu, Asymmetron inferum, wanda aka bayyana a 2004, an same shi ne a zurfin da ya haura mita 200 kusa da Kagoshima a Japan, cikin yashin da ke jikin ruɓaɓɓun ƙasusuwan dabbar wale, wurin da sinadarin salfa ya yi yawa.

Abin mamaki shi ne duk da tsawon lokacin da gidajen suka yi da rabuwa, wanda ƙiyasin masana ya bambanta a kansa saboda jiki mai laushi ba kasafai yake barin saura a cikin duwatsu ba, an taɓa haɗa ƙwan Asymmetron lucayanum da maniyyin Branchiostoma floridae a ɗakin gwaji, tayin kuma ya fara girma. Wannan na nuna cewa tsarin gadonsu na sauyawa a hankali ƙwarai.

Gaɓar Afirka ta Yamma ma tana da nata kaso. J. E. Webb, masanin dabbobi da ya yi aiki a kwalejin jami'a ta Ibadan, ya bayyana Branchiostoma nigeriense daga Legas a 1955, ya kuma ba da sunayen wasu nau'o'in na yankin, ciki har da Branchiostoma takoradii mai ɗauke da sunan Takoradi ta Gana. Sai dai an tantance su ne a zamanin ƙirgar tsoka, yayin da yawancin binciken DNA ya tattaru a kan nau'o'in Florida da Turai da Gabashin Asiya. Idan har yashin Xiamen, wanda aka daɗe ana tonawa, ya ɓoye nau'i guda, to wajibi ne masanan jami'o'in Najeriya da Gana su koma yashin gaɓarsu su ɗebo samfuri su gwada, tun kafin yasar yashi da cike bakin ruwa a Legas su lalata mazaunin waɗannan halittu.