Labulen da Ya Ƙi Jin Umurni

A Faransa da Jamus gidaje da dama suna da labulen taga na ƙarfe ko na roba, wanda inji ke naɗewa yana warwarewa. Injin siriri ne, a cikin bututun da labulen ke naɗuwa a kai ake cusa shi. Kamfanin Somfy na garin Cluses a Faransa, wanda aka kafa a 1969, yana cikin manyan masu ƙera shi. Yanzu maigida kan ba labule umurni da wayar hannu ko da yana wani gari. Sai dai wani lokaci waya kan nuna labule ya sauka, a dawo gida a tarar rana ta gasa ɗaki.

Dalili kuwa, umurnin yana bi ta hannu da yawa: daga waya zuwa intanet, daga nan zuwa wata 'yar na'ura da ke cikin gida, ita kuma ta miƙa wa injin ta rediyo. Wani tsarin Somfy, wato RTS, yana aiki a kan megahaz 433.42, kuma injinsa ji kawai yake yi, ba ya mayar da amsa. Ashe ke nan saƙon da aka aika waya ke nunawa, ko ya isa ko bai isa ba. Bangon kankare mai rodi ya isa ya raunana saƙon. Tsarin da ya biyo baya, io-homecontrol, mai aiki a kan megahaz 868, shi ne injinsa ke sanar da inda labule ya tsaya.

Saboda haka gwanin gyara daga gindin taga yake farawa. Ya tsaya kusa da labulen ya danna rimot. In ya motsa, injin lafiya lau yake, sai a koma neman aibu wajen rediyo ko intanet. In bai motsa ba, a duba batirin rimot da wutar da ke shiga injin, sannan a yi haƙuri. Irin wannan inji yana da abin da ke yanke masa wuta idan ya yi zafi, galibi bayan kamar minti 4 yana aiki ba hutu. Mai gaggawa da ya yi ta gwaji sama da ƙasa shi da kansa ke jawo haka, har ya yi asarar kuɗin sabon inji, alhali na da hucewa kawai yake jira. Labulen da ke tsayawa a rabin hanya kuma, sau da yawa datti ne ya cushe hanyarsa, injin ya ɗauka ya ci karo da wani abu.

Akwai kuma ƙin da ba lalacewa ba ne. Tagar rufi ta VELUX mai inji tana da ma'aunin da ke rufe ta da zarar ruwan sama ya taɓa shi. Haka rumfar yadi mai ma'aunin iska: umurnin ma'aunin yana gaba da na maigida. A wasu rumfunan ma, idan batirin ma'aunin ya mutu, injin kan riƙa naɗe rumfar lokaci-lokaci don gudun guguwa, ko da ganye ba ya motsi a waje.