YADDA AKE KULA DA ƘAHONIN NAMUN DAJI DA AKA AJIYE DON TARIHI

A garin Assakio, wanda ke kan hanyar Lafiya zuwa Shendam cikin Jihar Nasarawa, da sauran garuruwan da farauta ta daɗe a cikinsu, akan tarar da ƙahonin ɓauna, da gwanki, da kanki, da mazo rataye a zaurukan maharba. Waɗansu ƙwaryar kai ce kawai da ƙahoninta, waɗansu kuwa an jeme fatar kan an cusa ta, aka kafe a jikin katako. Da yawa daga cikinsu gado ne, kuma samun irinsu ya yi wuya, domin namun dajin sun ragu ƙwarai. Saboda haka wanda ya lalace ba shi da madadi.

Abu na farko da ya kamata mai ajiya ya sani shi ne, ƙaho kashi biyu ne. Akwai ƙashi a ciki wanda ya tsiro daga ƙwaryar kai, sa'an nan akwai kube a waje, wanda asalinsa ɗaya ne da farce da kofato da gashi. Masana suna kiran sinadarinsa keratin. Wannan kube yana shan laimar iska ya kumbura, in iska ta bushe kuma ya tsuke. Ƙashin ciki ba ya motsi daidai da shi. To, a ƙasar Lafiya damina takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, hunturu kuma ya biyo da busasshiyar iska daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wannan kumburi da tsukewa, shekara bayan shekara, shi ke sa ƙaho ya tsage, ko ya riƙa ɓarewa falle-falle, ko kuben ya saki ƙashinsa.

Ke nan wurin da aka rataye ƙaho ya fi kowane mai da za a shafa masa muhimmanci. Kada a rataye shi inda rana ke dukansa, ko dab da rufin kwano, ko kusa da murhu inda hayaƙi zai turare shi. Bangon da ke tsatstsafo da damina shi ma bai dace ba, domin yana jawo fumfuna. Gidajen kayan tarihi, irin na Jos wanda aka buɗe a 1952, su ne wuraren da ake neman shawara kan irin wannan ajiya, kuma abin da masu aikin suka fi nema shi ne laima matsakaiciya wadda ba ta yawan canzawa. A gida, ɗaki mai inuwa wanda iska ke ratsawa ya wadatar.

Wajen tsabtacewa, a fara kakkaɓe ƙura da buroshi mai laushi, ana bin zoben ƙahon. Daga nan a goge da tsumma mai ɗan danshi, a bar shi ya bushe a inuwa. Ba a tsoma ƙaho cikin ruwa.

Batun mai shi ne inda jama'a suka fi kuskure. Ƙahon da ya rabu da dabba mataccen abu ne, mai ba ya rayar da shi, ba ya kuma haɗe tsaga. Iyakarsa ya maido da launi da sheƙi. Man gyaɗa da man ja da man shanu suna yin ɗoyi in sun daɗe, su kama ƙura, su kira ƙwari da ɓeraye. Baƙin man mota da fenti kuwa ɓarna ce tsagwaronta, domin in sun shiga ba su fita. In lalle ana son sheƙi, a shafa ɗan kakin zuma mai tsabta, shafi marar kauri, a goge da busasshen tsumma. A fara gwadawa ta bayan ƙahon, kuma kada a bari ya taɓa gashin fata. Sau ɗaya a shekara, kafin shigowar hunturu, ya isa.

Akwai kuma ƙwari. Tsutsar wani asu da ta waɗansu ƙananan buzuzu suna cin ƙaho da gashi. Alamarsu ita ce ƙananan ramuka, da gari-gari da ke zuba a ƙasa. In an ga haka, a ɗaure ƙahon cikin leda yadda iska ba za ta shiga ba, a sa a firjin daskarewa na tsawon mako biyu, muddin wuta ta tsaya. Bayan an fitar, kada a kwance ledar sai sanyin ya sake shi gaba ɗaya.

Kawunan da aka cusa tun zamanin Turawa suna bukatar hattara, domin a da akan shafa wa fata guba mai suna asanik don korar ƙwari. A sa safar hannu, a wanke hannu bayan aiki, a kuma nisanta su daga yara.

Dokar Soja mai lamba 11 ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta sa iyaka ga farauta da cinikin namun dajin da ake tsoron ƙarewarsu, har da sassan jikinsu. Don haka yana da kyau a rubuta sunan dabbar, da wurin da aka same ta, da shekarar, a liƙa a bayan katakon. Mai niyyar sayarwa ko fita da ƙaho ƙasar waje ya tuntuɓi ma'aikatan gandun daji na jiharsa tukuna.