Rigar ninkaya ta gasa: yadda awo, doka da kuɗi ke shiga ruwa tare da ɗan wasa

A wasan ƙarshe na ninkayar mita 100 salon malam-buɗe-littafi a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, Michael Phelps na Amurka ya taɓa bango a daƙiƙa 50.58, Milorad Cavic na Sabiya kuma ya taɓa a 50.59. Kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, shi ya raba zinare da azurfa. A wasan da ake yanke hukunci da irin wannan ma'auni, tufafin da ɗan wasa ya shiga ruwa da su suna cikin lissafi, kuma abin da ya fi wuya a kansu shi ne samun wanda ya zauna daidai jiki.

Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Saboda haka duk abin da ya ɗago daga jiki, ko tattarar yadi ce ko tsokar cinya mai kaɗawa, yana riƙe mai ninkaya baya. Aikin rigar gasa shi ne ta matse jiki ta mayar da shi sumul, ta rage rawar tsoka, yadinta kuma ya ƙi shan ruwa na ɗan lokacin da tseren zai ɗauka. Idan ta yi yawa, ruwa zai kutsa tsakaninta da fata ya zama kaya. Idan ta yi kaɗan, za ta takure numfashi, ta ɗaure kafaɗa, ko ta yage ana gab da faɗawa ruwa.

Shekarar da riga ta fi mai ita suna

A watan Fabrairun 2008 kamfanin Speedo ya fito da riga mai suna LZR Racer, wadda aka gwada yadinta a ɗakin gwajin iska na hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA. An haɗa sassanta da manni maimakon ɗinkin zare, aka liƙa mata faifan wata irin roba da ruwa ba ya ratsawa. A Beijing an karya tarihin duniya 25 a ninkaya, 23 daga ciki masu sanye da ita ne suka karya.

Sauran kamfanoni ba su zauna ba. Arena da Jaked na Italiya suka fito da rigunan da kusan dukkansu roba ne, masu tare iska a jiki su ɗaga mutum sama. A gasar duniya da aka yi a birnin Rum a 2009 an karya tarihi 43. A nan ne Paul Biedermann na Jamus, sanye da rigar Arena, ya doke Phelps a mita 200 da minti ɗaya da daƙiƙa 42 cif, lokacin da ya shafe fiye da shekara 15 ba wanda ya kamo shi. Matsin waɗannan riguna ya kai inda sa su kaɗai kan cinye rabin sa'a ko fiye, kuma sukan fashe. A shekarar ne rigar Ricky Berens na Amurka ta tsage ta baya a tseren ba-ni-in-ba-ka a Rum, ya ƙarasa ninkayarsa a haka, ita kuwa Flavia Zoccari ta Italiya dole ta janye daga tsere a gasar ƙasashen Bahar Rum da aka yi a Pescara saboda tata ta yage.

Hukumar ninkaya ta duniya, wadda a lokacin ake kira FINA, yanzu kuma World Aquatics, ta taka birki daga 1 ga Janairun 2010. Dokar ta ce a gasar cikin tafki dole riga ta zama ta saƙaƙƙen yadi da iska ke ratsawa, kaurinsa bai wuce milimita 0.8 ba, kuma babu zif. Na maza ya fara daga cibiya ya tsaya a gwiwa. Na mata kada ya rufe wuya, kada ya wuce kafaɗa, kada ya sauka ƙasan gwiwa. Ba a yarda a haɗa riga biyu ba, dabarar da wasu suka riƙa yi don su tara iska. Rigunan da hukumar ta tantance suna ɗauke da wata ƙaramar alama a baya, kuma ita ce abin da ya kamata mai saye ya fara dubawa kafin ma ya tambayi lamba.

Tef ɗin tela ya fi lambar da aka saba

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗan wasa ya ɗauki lambar rigar da yake atisaye da ita ya ce a ba shi irinta. Rigar atisaye yadinta mai miƙewa ne, kuma ta riga ta saki saboda daɗewa cikin ruwa mai sinadarin kulorin. Ta gasa kuwa yadinta kamar takarda yake, ba ya miƙewa sai kaɗan. Bugu da ƙari, lamba 26 a kamfani ɗaya ba lallai ta zama 26 a wani ba, har a cikin kamfani ɗaya ma samfuri biyu kan sha bamban. Tsohuwar shawarar nan ta “rage lamba biyu” da ’yan wasa ke gadon ta daga junansu ta jefa da yawa cikin asara, domin jadawalin awon rigunan gasa ya riga ya sa matsin a cikin lissafi.

Hanyar da ta dace ita ce a ɗauko tef irin na tela, a auna a kan fata ko kan tufafi marasa kauri, mutum na tsaye ba tare da ya zuƙe ciki ba. Ga namiji, awon da ya fi muhimmanci shi ne na kwatangwalo, wato zagayen wurin da ya fi faɗi a mazaunai, domin nan ne wandon zai sha wuya ya wuce. Sai ƙugu, sai cinya. Mai ƙananan ƙugu da manyan cinyoyi, kamar yadda yawancin masu salon kwaɗo suke, idan ya bi awon ƙugu kaɗai zai sayi wandon da ba zai haye cinyarsa ba.

Na mata ya fi sarƙaƙiya. Ban da ƙirji da ƙugu da kwatangwalo, akwai awon tsawon gangar jiki: a ɗora tef a kafaɗa, a sauko da shi ta gaba, a bi ta tsakanin ƙafafu, a hau ta baya a dawo inda aka fara. Wannan shi ke nuna ko igiyoyin kafaɗa za su nutse cikin nama ko za su yi sako-sako. Doguwar yarinya siririya na iya samun rigar da ta yi mata daidai a kwatangwalo amma tana janyo kafaɗunta ƙasa, kuma mai ninkayar da kafaɗarta ke ɗaure ba za ta miƙa hannu yadda ya kamata ba. Shi ya sa ake yin iri biyu, mai buɗaɗɗen baya da mai rufaffen baya. Na biyun ya fi matsi, na farkon ya fi ba ƙirji sararin numfashi.

Nisan tsere ma yana da ta cewa. Wanda zai yi mita 50 cikin daƙiƙa ashirin da ’yan kai zai iya jure matsin da mai mita 1,500 ba zai jure ba tsawon kusan kwata na sa’a. Kamfanoni sun san haka. Speedo na da Pure Intent mai tsananin matsi da Pure Valor mai sassauci, Mizuno na Japan ma ya raba nasa tsakanin na gajeren zango da na mai haɗa salo da yawa.

Bayan awo sai gwaji, kuma sa rigar kansa sana’a ce. Jiki ya zama a bushe ƙayau. Wasu kan sa leda a ƙafa don ta zame cikin sauƙi. Ana naɗe bakin robar da ke kama cinya, a riƙa jan yadin sama kaɗan-kaɗan da tsokar yatsu, domin farce ɗaya ya isa ya huda shi. Mace kan ɗauki minti 15 zuwa 30 a karon farko. Rigar da ta shige cikin minti biyu ta yi yawa. Idan ta zauna, a duba ko akwai tattara a cinya ko gwiwa, ko aljihun iska a gadon baya. Daga nan a tsuguna kamar za a faɗa ruwa, a miƙa hannaye sama a haɗe su, a ja dogon numfashi. Matsi dole ne, amma ƙafar da ta fara mutuwa ko yatsun da suka fara tsira alama ce ta cewa jini ba ya gudana yadda ya kamata, kuma lambar ta yi kaɗan.

Farashin kuskure

Manyan rigunan gasa ana sayar da su tsakanin dala 300 zuwa 600, na mata sun fi tsada. A lokacin da dala ke kan naira 1,500, rigar dala 500 ta kama naira 750,000, wato fiye da albashin wata goma na ma’aikacin Najeriya da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Kuma ba ta daɗewa. Bayan ’yan gasanni matsin ya saki, yadin ya fara shan ruwa, ko da an bi ƙa’idar ɗauraye ta da ruwan sanyi a shanya a inuwa ba tare da matsewa ba. Masu sayarwa da yawa ba sa karɓar wadda aka riga aka sa.

Ɗan wasan da kamfani ke ɗaukar nauyinsa akan kawo masa lambobi daban-daban ya gwada ya zaɓa, ya kuma sa sabuwa a wasan ƙarshe. Wanda ke ƙasar da babu kantin irin waɗannan kaya sai dai ya yi oda ta intanet ya jira, in ba ta yi ba kuɗinsa ya tafi. Dokar 2010 ta rage wannan tazara amma ba ta share ta ba. A Najeriya, inda aka ga ɗan wasan jifan dalma Chukwuebuka Enekwechi na wanke rigarsa tilo bayan ya kai wasan ƙarshe a Olamfik ta Tokyo, tambayar wa ke saya wa ɗan ninkaya rigarsa, kuma wa ya auna shi kafin a saya, tambaya ce da ta cancanci a yi wa masu riƙe da kasafin wasanni. Amurka kanta, da duk arzikinta, ta ga inda abin ya dosa: daga Satumban 2020 hukumar ninkayarta ta hana yara ’yan shekara 12 zuwa ƙasa sa irin waɗannan riguna a yawancin gasanninsu, kuma nauyin da ke kan iyaye na cikin dalilan.

Jikin wa aka auna?

Jadawalin awo an gina shi ne a kan wata siffar jiki da ake ɗauka ita ce ta kowa. A Satumban 2019, a birnin Anchorage na jihar Alaska, wata ɗaliba ’yar shekara 17 ta ci tserenta, alƙaliyar wasa ta soke nasarar bisa hujjar cewa rigar ta zame ta bayyana mazaunanta fiye da kima. Rigar kuwa makaranta ce ta raba wa ’yan ƙungiyar duka. Cikin kwanaki aka janye hukuncin bayan ƙorafin cewa siffar jikinta aka hukunta.

Haka batun hula. A 2021 FINA ta ƙi amincewa da hular kamfanin Soul Cap, wadda aka yi domin masu gashi mai yawa da kitso irin na baƙar fata, sai a Satumban 2022 ta sauya matsayi bayan suka daga ko’ina. Alice Dearing, baƙar mace ta farko da ta wakilci Birtaniya a ninkayar Olamfik, na cikin waɗanda suka tsaya wa hular. A Ingila kuma, tun 2017 hukumar ninkaya ta ƙasar ta yarda mata su shiga gasannin cikin gida da rigar da ta rufe jiki duka saboda addini ko larurar lafiya, bayan buƙatar wata gidauniyar wasanni ta mata Musulmi, da sharaɗin alƙalin wasa ya duba ta ya tabbatar ba ta ƙara wa mai ita sauri.