Gudanar Ruwa a Lambun Cikin Gilashi

Tun da Takashi Amano, ɗan ƙasar Japan, ya kafa kamfanin ADA a 1982, kiwon kifi a akwatin gilashi ya sauya fuska. A da kifi ake kallo, yanzu kuwa tsirrai da duwatsu da itace ake tsarawa kamar lambu, har ana gasar duniya a kai tun 2001. Sai dai wannan yayi ya zo da kuskuren da ke kashe akwatuna da yawa. Sabon shiga yakan zuba kuɗinsa kan fitila mai ƙarfi da tukunyar iskar kabon da taki, sannan ya sayi famfo mafi araha. Kafin a je ko'ina gansakuka ta lulluɓe ganye, na ƙasa ya ruɓe, sai a ɗora wa taki laifi.

Galibi laifin na ruwan da ba ya motsi ne. Iskar kabon, wadda tsiro ke haɗa abincinsa da ita, tana yaɗuwa a cikin ruwa a hankali ƙwarai, saurinta a sarari ya ninka na cikin ruwa kusan sau 10,000. Kowane ganye yana lulluɓe da siririn ruwa mai kwanciya, kuma da zarar ya shanye abin da ke cikinsa sai ya zauna da yunwa, ko da akwatin cike yake da taki. Gudanar ruwa ce ke rage kaurin wannan lulluɓi, ta kawo sabon abinci bakin ganye. Fitila mai ƙarfi kuwa ƙara wa tsiro buƙata take yi, don haka inda haske ya yi yawa kuma ruwa ya tsaya, tsiro ya raunana, gansakuka ta samu fili. Ga kuma lungunan bayan duwatsu, inda kashin kifi da ragowar abinci ke taruwa suna fitar da amoniya, alhali ƙwayoyin bakteriyar da ke sarrafa wannan guba galibi suna zaune a matatar ruwa, ba sa aiki sai ruwa ya kai musu ita tare da oksijin.

Masu ja da wannan suna da hujja. Sun ce kaɗa saman ruwa yana korar iskar kabon da aka saya da tsada, kuma kifin beta na Tailan, mai dogayen fikafikai, yana wahala a ruwa mai gudu. Suna kuma kafa hujja da littafin Diana Walstad na 1999, wanda ya nuna ana iya raya akwati da ƙasar lambu ba tare da tarin na'urori ba. Duk gaskiya ne. Amma tsarin Walstad ya tsaya ne kan matsakaicin haske da jinkirin girma, wato buƙatar tsiron ma kaɗan ce. Iskar kabon da ake asara kuwa ba ta kai ran kifi ba, domin kaɗa saman ruwan ne ke shigo da oksijin, ga shi da dare tsirrai ma oksijin suke sha, kuma ruwa mai zafin digiri 30 yana riƙe oksijin ƙasa da abin da mai digiri 20 ke riƙewa. Wannan ya shafi mai akwati a Kano ko Maraɗi kai tsaye, musamman a bazara idan an ɗauke wuta.

Masu harkar kan ce famfo ya juya ruwan akwati kamar sau 10 a awa ɗaya idan ana saka iskar kabon, amma kaiwa ko'ina ta fi ƙarfi muhimmanci. Mai akwati ya duba ganyen da ke can ƙasa a lungu: in ba ya ɗan rausayawa, ya gyara bakin famfo kafin ya ƙara taki.